Ɗakin da Ya Hana Inna Hawan Arfa

Da sunan Allah nake farawa, shi ne ya san abin da ke cin raina. Sunana Rabi, mutuniyar Rano ce ni, kuma a lokacin da abin nan ya faru na yi shekara tara a Jidda ina aikatau a gidan wata Balarabiya a unguwar Aziziyya. Madam muke ce mata. Kwana shida nake yi a gidanta, ranar Alhamis da la'asar ta sallame ni, in koma daren Juma'a. Ba ni da iƙama, wato takardar zama, kamar dubban 'yan uwana da ke garin. Ina ba da labarin nan ne don duk wanda zai kama ɗaki ya ajiye tsohuwarsa ko 'ya'yansa ya buɗe idonsa, kuma don wani mutum guda ya san ban manta ba.

Mahaifiyata, Inna, buri ɗaya gare ta a duniya. Ba ta taɓa cewa tana son zuwa Makka ba, kullum Arfa take cewa. "In dai na tsaya a Arfa, ko a ranar aka zare raina na gode." Kujerar Hajji ta fi ƙarfinmu, sai muka yi abin da mutanenmu suka saba: ta shigo da bizar Umra cikin azumi, in an yi Sallah ta lafe a Jidda har Zulhajji. Mako goma ne kacal tsakanin ƙaramar Sallah da ranar Arfa. Ta sauka garau, tsohuwa mai ƙarfi, wadda ta yi ɗawafi da sa'ayi da ƙafarta tana yi mini tsiya wai ni ce mai jan jiki.

Da, mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya a unguwar Nuzla, ba inda zan sa ta. Wanda ba shi da iƙama kuwa ba ya kama haya da sunansa, dole sai ta hannun mai takarda. A nan ne aka haɗa ni da Abu Yasir. Sunansa na yanka Mamman, iyayensa mutanen ƙasarmu ne, amma a Jidda aka haife shi. Yakan kama gida guda da sunansa, ya yanyanka shi da falanki, ya zuba mu a ciki. Farar riga kullum a goge, turare kamar an yi ɓari, Hausa rabi Larabci rabi.

Ɗakin da ya nuna mini fari ne tas, ƙamshin sabon fenti na tashi. Akwai katifa, akwai wata ƙatuwar durowa ta kaya jingine da bango, akwai tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki da muke kira mukayyif. Taga ɗaya ce, tana kallon ramin nan da ake bari a tsakiyar bene don iska da haske, amma an buge ta da falanki da ƙusoshi. Kafar iskar banɗaki ma an cusa mata kwali.

Na ce, "Alhaji, tagar fa?"

Ya yi dariya. "Ya Rabi, yau kika zo garin? Taga a buɗe, jawazat a ƙofa. Su ji Hausa, su ji warin daddawa, halas, an kwashe ku. Don ku na rufe."

Jawazat su ne masu kamen marasa takarda, kuma duk wanda ya zauna irin zamanmu ya san yadda sunan nan ke tsinka ciki. Wallahi godiya na yi masa. Har durƙusawa na yi, na ce Allah ya saka da alheri. Duk lokacin da na tuna wannan durƙuson sai in ji kamar in mari kaina.

Ya kafa mana dokokinsa. Ba hawa rufin bene, ba shanya a waje, ba barin ƙofa a buɗe. Inna ta ce ai mai sauƙi ne, wanda zai je Arfa me zai dame shi da kulle na mako goma.

Makon farko lafiya lau. Maƙwabciyarmu Hadiza, 'yar Maraɗi, wadda falanki ne kawai ya raba ɗakinmu da nata, ta ɗauki Inna kamar uwarta. Inna kuwa ba ta iya zama haka nan ba. Kafin in dawo Alhamis ta karɓe wankin Hadiza da na 'ya'yanta, ta ɗaura igiya uku daga bango zuwa bango, ta mayar da ɗakin wurin shanya. A ciki take girki a kan ɗan risho, tukunyar tuwo na tururi, ƙofa a rufe kamar yadda aka ce. Shekarar kuwa azumi ya faɗo cikin tsananin zafi, lokacin da iskar Jidda take jiƙe sharkaf. Ina buɗe ƙofa wani ɗumi mai laima ya daki fuskata. Madubi na gumi, bango na gumi, mukayyif na ɗigar da ruwa ta ciki yana bin bango. Gishirinmu ya narke a roba, ashana ta ƙi kamawa. Na ce Jidda ke nan, na goge madubin da gefen mayafi.

A mako na biyu ta fara tari. Ta ce canjin ruwa ne. A mako na uku, in ta ja numfashi sai ka ji ƙirjinta na fito. Na zaro takalmina na fata daga ƙarƙashin durowa na tarar ya yi farin gashi. Ni 'yasu, ko a nan ban farga ba, na kakkaɓe shi na sa a ƙafa.

Daga nan shawarwari suka fara zuba. Yayana Sale ya bugo waya daga gida ya ce sanyin na'ura ne, a lulluɓe ta, a toshe ƙasan ƙofa kada iska ta shiga. Muka toshe da tsumma. Hadiza ta ce sirace, ta riƙa tafasa ruwa da na'a-na'a safe da yamma, tururi ya cika ɗaki. Matan layinmu suka ce warin da ke tashi na rashin turare ne, aka kawo kasko, aka riƙa banka turaren wuta. Zuma, habbatus sauda, ruwan zamzam, ba abin da ba ta sha ba. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo, ni ma haka. Mun taru mun ƙara wa ɗakin ruwa da hayaƙi, muna cewa magani muke yi.

Mako na huɗu wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo suka ɓullo ta cikin farin fentin, a saman mukayyif da kusurwar da Inna ke sa kai. Wata mata ta leƙo ta ce wannan sawun mutanen ɓoye ne, a nemi malami. Ni dai na kira Abu Yasir. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ko shiga bai yi ba, ya toshe hanci da gefen rawaninsa.

"Adi, adi, ba komai ba ne. Duk Jidda haka take. Gobe zan turo a shafe."

Ya turo kuwa. Mai fenti ya zo ranar Asabar ina wurin aiki, ya shafe baƙin da sabon fenti, Inna na zaune a ciki, ƙofa a rufe. Hadiza ta ce ranar wuni Inna ta yi tana amai. Na sayo maganin tari a kantin magani, kwalba biyu, ko gezau.

Abin da ya tsinka mini zuciya ya faru a mako na biyar. Na dawo na tarar da ita tana sallar la'asar a zaune. Matar da ban taɓa gani ta yi salla a zaune ba ko lokacin da take da tsohon cikin autarmu. Da ta sallame ta ce, "Kar ki tayar da hankalinki, 'yar nan, ajiyar ƙarfi nake yi saboda Arfa." Washegari na ɗauke ta sai wani ƙaramin asibitin kuɗi, irin wanda ba sa matsa wa mutum da tambayar takarda. Tun hantsi muke kan layi har aka fito daga Juma'a. Da muka shiga, likitan ko ɗaga kai bai yi sosai ba. Ya ɗora abin awo a bayanta ta saman riga, ya ce mura ce ta tsofaffi, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce yalla, na gaba. Abin da na samu a rabin wata ya tafi a wannan wunin, muka koma ɗakinmu muka rufe ƙofa.

A mako na shida zazzaɓi ya shigo. Ina wanke-wanke a gidan aiki hawaye na zuba cikin kwanuka, Madam ta gan ni. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ta zaunar da ni ta tambaye ni, ta ce akwai wani likita ɗan Najeriya a asibitin da take kai 'ya'yanta. Ita ta yi masa waya, ita ta ba ni rana guda. Na kai Inna wurinsa, ashe Bazazzagi ne, ya zo aikin kwantiragi. Ya gaida Inna har ƙasa, ya saurari ƙirjinta ya daɗe, ya sa aka ɗauki hoto. Sai ya kama gefen mayafinta ya sansana.

"Hajiya, ina Inna take kwana?"

Na gaya masa.

"Taga nawa ne a ɗakin?"

"Ɗaya ce, Likita, amma a rufe take."

"A ina kuke shanya? A ina kuke girki?"

Ina ba shi amsa yana girgiza kai. Da na zo kan sirace da turaren wuta sai ya ajiye biro. Ya ce, "Ki saurare ni da kyau. Ɗakinku ne ba shi da lafiya, shi ya shafa wa Inna. Fumfuna take shaƙa dare da rana. Ni in ba ta magani, ɗakin ya ƙwace." Ya ce in na koma in janye duk abin da ke jingine da bango in duba bayansa. Ya ce a buɗe taga, a buɗe kafar banɗaki, a daina shanya a ciki, a daina tururi da hayaƙi, in kuma da hali a fitar da ita daga ɗakin gaba ɗaya. Inna ta tambaye shi abu ɗaya, ko za ta iya Arfa. Ya ce saura mako huɗu, in ta sami iska mai kyau, da yardar Allah za ta tsaya.

Muna komawa na kira Hadiza muka ja durowar nan. Innalillahi. Bangon da ke bayanta baƙi ƙirin ne tun daga ƙasa har kafaɗata, ya yi gashi, yana naso. Fentin Abu Yasir zagaye durowar ya yi, ko motsa ta ba a yi ba. Na ɗaga katifa, ƙasanta kore shar. A kan wannan uwata ta yi mako shida tana kwana.

Hadiza ta zube ƙasa ta fashe da kuka. Ta ce, "Yaya Rabi, ki yafe mini. Matar da ta zauna nan kafin ku, haka ta yi ta tari, a keken guragu aka kai ta jirgi. Kafin ita ma akwai wani yaro. Abu Yasir ya ce duk wanda ya buɗe baki a cikinmu, ranar zai kwana a titi."

Ashe ya sani. Ya sani tun ranar da nake durƙusa masa.

Na same shi a bakin wani kanti yana shan shayi da abokansa. Na danne zuciyata na gaishe shi, na ce Alhaji likita ya ce a buɗe tagar nan, rai ne a ciki.

"Mamnu'. Ba a buɗewa."

"To ka ba mu wani ɗakin."

"Ana saura wata guda Hajji? Ko akurki ba ki samu. Ya Rabi, tsohuwa ce, tsofaffi suna tari. In ba ki so, yalla, ga hanya. In kuma kika taɓa mini falanki, waya ɗaya zan buga."

Ya ci gaba da kurɓar shayinsa, abokansa na kallon ƙasa. Na zaga Nuzla lungu-lungu, na je har Khumra inda ma'aikata ke zama, ba ɗaki. Kame ya yi tsanani saboda Hajji ya matso, ba mai son karɓar tsohuwa mai tari. Madam ta roƙi mijinta a kawo Inna gidansu, ya ce ni kaɗai ma kasada ce, ba zai ƙara ta biyu ba. Ban ga laifinsa ba.

Ranar Juma'ar mako na bakwai zuciyata ta kawo iya wuya. Na kai Inna ɗakin Hadiza, na ari taɓaryarta, na dawo na fuskanci falankin nan. Duka huɗu na yi masa ya tsage. Iska ta shigo, ba wata iskar kirki ba ce, iskar ramin bene ce mai ƙurar tattabaru, amma wallahi sai da na tsaya na shaƙe ta kamar ƙamshin aljanna. Na zare kwalin banɗaki, na tsinke igiyoyin shanya, na fitar da katifar na jefar a bola. Na ɗaure hancina na wanke bangon da ruwan bilic har hannuna ya saɓule. Na sa bokiti a ƙarƙashin mukayyif. Sai da ɗakin ya sha iska wuni guda na mayar da ita, a kan tabarma, nesa da bango.

Ku ji ikon Allah. Cikin kwana biyar zazzaɓin ya sauka. Da na dawo Alhamis na same ta a tsaye tana salla. Ta ci tuwo malmala guda, ta sa na zaro mata farin yadin da ta zo da shi, ta zauna a gindin tagar tana ɗinke bakinsa da allura saboda yanzu akwai haske. Tana zagaya ɗakin tana ƙirga taku, wai atisaye take yi. Ta ce in riƙa biya mata Labbaika tana amsawa, don kar ta je ta ji kunya a gaban Larabawa. Na koma aiki ina dariya ni kaɗai a mota.

Wannan makon baƙi suka cika gidan Madam, 'yan uwanta masu shirin Hajji, ta ce in yi haƙuri ba fita sai sun tafi. Kullum ina kiran wayar Hadiza a ba ni Inna. "Lafiya lau, 'yar nan, yi aikinki." Na lura maganarta gajeruwa ce, na ɗauka kunyar waya ce irin tasu.

Abin da ban sani ba, kwana biyu da tafiyata Abu Yasir ya zo da kafinta. Ya kawo katako mai kauri, ya buge tagar, ya bi gefunan da abin liƙi, ya mayar da kwalin banɗaki, ya sa aka sake shafa fenti. Ya tsaya a kan uwata ya ce mata saboda tagar nan jawazat sun fara zagaye, kuma in suka zo 'yarta za su fara kamawa. Inna ta ba shi haƙuri. Ta ba shi haƙuri, jama'a! Ta sa Hadiza ta rantse ba za ta gaya mini ba, wai kar in zo in yi rigima a kama ni. Daga baya na gano ba wasu jawazat. Mai benen ne bai san an yanka masa gida kashi huɗu ba, Abu Yasir na tsoron mai gadi ya ji hayaniya ta taga ya kai rahoto.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a rufe. Ranar uku ga Zulhajji Hadiza ta karya rantsuwarta ta kira ni da hantsi. Na ajiye tsintsiya na fita ko sallama ban yi wa Madam ba. Na tarar da Inna a jingine da bango, leɓɓanta sun yi baƙi, tana jan numfashi da kafaɗu. Baƙin ya sake fasa fentin ya fito. Ta kalle ni ta ce, "Kar ki yi faɗa."

Na goya ta a bayana na sauko bene. Wannan karon babban asibiti na ce wa mai tasi, a kama ni in za a kama. Gaskiya ɗaya ce, ba su tsaya tambayar takarda ba sai da suka sa mata abin numfashi, kuma har muka gama ba wanda ya kira mana jawazat. Na gode musu. Amma sai da muka wuni a baranda kan gadon turawa kafin a sami gado, kuma ba mai jin Hausa ko ɗaya, in ta ce ƙirjinta sai su duba cikinta. Likitanmu Bazazzagi yana tashi daga nasa aikin ya zo, ya karanta takardunta, ya ja ni gefe. Ya ce huhun ya cika, ga tsufa. Ya ce, "An mayar da ita ɗakin ko?" Na ce ɗakin aka mayar mata. Ya cire gilashinsa ya goge ido.

Kwana bakwai muka yi. Garin ya yi shiru, kowa ya tafi Makka, motoci cike da masu harami suna wucewa ta ƙarƙashin tagar asibitin. Kullum sai ta tambaye ni yau nawa ga wata. Ranar takwas ta ce in je in ɗauko farin yadinta. Ranar tara, ranar Arfa, wata nas 'yar Filifin ta taya ni muka sanya mata shi a kan gado, muka ɗaga mata kai. Akwai talabijin a ɗakin, ana nuna filin, mutane fari fat har iyakar gani. Ta janye abin numfashin daga bakinta.

"Rabi, nan ne?"

"Nan ne, Inna."

"Da nisa daga nan?"

Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce bai kai tafiyar awa biyu a mota ba.

Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Ashe na zo kusa." Ta kama hannuna ta ce in Allah ya kai ni baɗi in tsaya mata. Washegari, ranar Sallah da hantsi, ta cika. A Jidda aka binne ta.

Wurin zaman makoki sai ga Abu Yasir da katan ɗin ruwa a kafaɗar wani. Ya zauna cikin maza ya ɗaga murya yadda zan ji, wai kwananta ne ya ƙare, wai ta yi sa'a ta mutu a ƙasa mai tsarki. Na san kwana na Allah ne, ba shi zai koya mini ba. Na fito na ɗauki katan ɗin na dire a gabansa, na ce Alhaji ɗauki ruwanka, wanda ka ba ta a bango ya isa. Mata suka riƙe ni. Ya tashi yana borin kunya yana zagina da Larabci.

Ban bar shi ba. Duk wanda ya kawo ya ga ɗakin, Hadiza na yi mini waya, kafin ya kwana na nemo shi na ce ya je ya ja durowa. Duk gidan suna da na biki na Hausawan Nuzla na ba da labarin, da sunansa. Sannan na roƙi mijin Madam ya nemo mini mai benen. Kafin ya zo na gaya wa maƙwabta su nemi wuri, Hadiza ta samu a Khumra. Mai benen ya zo da kansa, ya ga gidansa, ya ɗora hannu a ka. Aka ɓaɓɓalle falankan, aka karɓe gidan, sauran masu gidajen da yake yi wa haka su ma suka ji. Cikin wata uku Abu Yasir ba shi da ko ɗaki ɗaya a hannunsa. Wasu da suka rasa matsuguni sun zage ni, har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwata. Sun yi gaskiya, na jawo musu wahala, kuma da za a sake da na sake.

Ku da za ku kama ɗaki, a Jidda ne ko a Kano, in kun ji ƙamshin sabon fenti ku tambayi abin da aka rufe. Ku ja durowa, ku ɗaga katifa, ku shafa bango da tafin hannu. In madubi na gumi, in gishiri na narkewa, to abin da ƙirjinku ke sha ke nan. Kar ku shanya a inda kuke kwana, in kuna girki ku ba tururi hanya, kuma turaren wuta ba ya kashe fumfuna, ɓoye warinta kawai yake yi. Mu tsoron kame ya sa muka ɗauka rufaffiyar taga ita ce rufin asiri. Ko za a ji muryarku har titi, ku buɗe.

Da shekara ta zagayo na yi harami da niyyar Inna, tunda ni na sauke nawa tun zuwana. Na bi ta hanyar da irinmu ke bi, rabi a mota rabi a ƙafa, na isa Arfa ƙafafuna a kumbure. Bayan azahar wani malami a tantin da na raɓa ya tashi yana wa'azi da Hausa. Ya ce yau ranar yafiya ce, duk wanda ke riƙe da wani a zuciya ya sake shi kafin rana ta faɗi. Mata na ta kuka suna rungumar juna.

Na fita daga tantin na tsaya a rana, na ɗaga hannu. Na ce ya Allah ga Inna ta iso, ka karɓa mata. Na yi mata addu'a har muryata ta dushe. Na yafe wa Hadiza, na yafe wa Yaya Sale, na yafe wa likitan da bai ɗaga kai ba, na roƙi Allah ya yafe mini nawa sakacin. Rana ta yi ja, mutane suka fara naɗe tabarmi. Na laluba zuciyata ko zan sami abin da malamin ya ce, na laluba da gaske, ban samu ba.

Sai na kira sunansa. Ba Abu Yasir ba, Mamman na ce, na haɗa da sunan ubansa don kar a yi kuskure. Na ce ya Allah, a nan ya kamata ta tsaya da ƙafarta, wannan bawan naka ya buga ƙusa ya hana ta. Ban yafe ba. Na bar shi da kai, kuma ranar da za ka tsayar da mu, ina so a kira ni shaida.

Na shafa, na ɗauki jakata, na bi mutane zuwa Muzdalifa.